Yayata ta gudo da yara shida, yanzu dukansu take kamar ba ita ba, ku ba ni shawara

Maman Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta maganar nan amma in na fara sai in goge. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye wajen Sabon Birni ta jihar Sakkwato, 'yan bindiga suka shigo musu da dare suka kashe maigidanta a ƙofar gida tana ji tana gani, suka kore shanun, ita kuma ta tsallako Nijar a ƙafa da yara shida, huɗu nata biyu na kishiyarta da har yau ba mu san inda take ba. Sun ɗan zauna wajen Gidan Rumji, da ta fita takaba maigidana ya ce a kawo su nan Maraɗi, muka ba su ɗaki ɗaya.

Wallahi Yaya ita ta raine ni kuma ban taɓa ganin ta ɗaga wa yaro hannu ba, amma yanzu abu kaɗan sai duka. Shekaranjiya autarta ta zubar da koko, ta ɗauki muciya ta hau ta sai da na riƙe ta, can na same ta bayan ɗaki ta haɗa kai da gwiwa tana kuka tana cewa ni me ya same ni. Ba ta barci, da hijabinta take kwana takalmi a gefen kai, in kabu-kabu ya wuce da dare sai ta zabura ta tattaro yaran. Babban namijin shekararsa 9 ya koma fitsarin kwance. Maƙwabta wasu na cewa iska ce ta shige ta, wasu na cewa ta yi haƙuri kawai ba kanta farau ba. Ni tsorona yaran nan, musamman biyun da ba uwa ba uba. Me zan yi dan Allah?

Malam Na Ƙofa:
Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya bayyana wadda ta ɓata. 'Yar uwa ki lizimce ta da azkar na safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya, ki zauna ku yi tare kar ki ce mata je ki yi. Amma masu cewa ta yi haƙuri kamar kukanta rashin tawakkali ne su ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub sai da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma Manzon Allah SAW ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. A haɗa addu'a da asibiti, duka sababi ne.

Hajjo Gwoza:
Ƙanwata na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na ɗan zauna, don kamar labarina kike bayarwa. Mu a watan Agusta 2014 muka bar Gwoza da aka ci garin, muka bi ta duwatsu muka faɗa Kamaru, daga baya aka kai mu sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo. Yara biyar ne a hannuna, uku nawa biyu na ƙanin mijina. Na dake su, ba zan ɓoye ba, dukan da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi min nauyi. Kuma ba ƙin su nake ba, jikina ne kullum a ɗaure kamar ana bina, kuka kaɗan yaro zai yi in ji kamar ana buga min guduma a kai.

Abin da ya fara sauƙaƙa min ba wa'azi ba ne ba faɗa ba, wata tsohuwa ce 'yar Banki a tantin kusa da mu, kullum bayan azahar sai ta kwashe yaran ta ce min ke kwanta. Ba ta taɓa tambayata me na gani a hanya ba. Sai da na yi wajen sati biyu ina samun wannan barcin ranar sannan na fara jin yunwa ma, na fara gane ashe ƙaramar tana da tsagewa a ƙafa tun tafiyar da muka yi ban lura ba. To ke ma ki fara ta nan. Kar ki ce mata Yaya ki daina dukansu, ta sani, shi ya sa take kuka a bayan ɗaki. Ki ce Yaya kawo su na yi musu wanka ke ki huta. Ki raba kwanan, biyu ko uku su dinga kwana wajenki. Kuma ku yi alkawari ke da ita, duk sanda ta ji abin ya taso mata ta fita tsakar gida ta kira sunanki ko ta ɗaura alwala kafin ta taɓa kowa.

Sannan ki nemo mata abin yi da hannunta, ko ƙuli-ƙuli ne ko dakan fura na sayarwa. Macen da ta saba da gidanta da rumbunta da awakinta yanzu komai sai an miƙo mata, wannan ma ciwo ne mai zaman kansa ko da a gidan ƙanwarta ne.

Abban Sadik:
Allah sarki. Ki je kemis ki siyo mata maganin barci ko na kwana uku ne ta samu ta runtsa. Shi kuma yaron a ɗan tsorata shi, mu da muna yara kwaɗo ake ɗaura wa amalala a ƙugu kuma yana bari.

Nas Balki:
Abban Sadik don Allah a'a, duka biyun. Magungunan barci irin su diyazafam in aka fara sha ba da umarnin likita ba jiki sabawa yake, ranar da babu kuma abin ya dawo ya fi na da. Yaron kuma tsoro ne ya kawo masa fitsarin, ya za a yi a ƙara masa wani tsoron ya warke? A shimfiɗa masa leda ƙarƙashin zani, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a tashe shi sau ɗaya cikin dare, da safe a wanke shiru kar sauran yara su ji balle su yi masa waƙa. In yana jin zafi wajen fitsarin ko yana yawan shan ruwa fiye da ƙima a kai shi a auna.

Maman Nusaiba, abin da kika lissafa, rashin barci, zabura, saurin fushi, kwana cikin shiri, sanannun alamu ne ga wanda ya ga tashin hankali irin wannan, ba hauka ba ne kuma ana samun sauƙi. Ki raka ta CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa ki faɗa musu komai yadda kika faɗa mana, in tana da katin HCR, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ki tafi da shi ki tambaya ko akwai masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da suke tura mutane wajensu. Akwai wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira PM+, zama biyar ne sau ɗaya a sati, kuma ba sai babban likita ba, ana horar da mutanen gari su yi shi, an gwada shi a Pakistan da Kenya. Cikin abin da ake koyarwa har da numfashi a hankali, ki ja iska ta cika ciki kina ƙirga uku, ki sake ta kina ƙirga uku, na 'yan mintuna. Kamar wasa amma yana kwance jiki, ku dinga yi tare bayan sallar isha.

Yaran kuma su samu tsari, lokacin abinci ɗaya, makarantar allo ko lakwal, tatsuniya da dare. In kin ga suna wasan 'yan bindiga da kara kar ki kwatse su, ta nan suke fitar da abin, ki dai zauna kusa. Biyun nan na kishiya in sun tambayi uwarsu kar a ce ta je kasuwa, a ce ana nemanta ba a same ta ba tukuna.

Abu ɗaya da ba a jira: in ta fara cewa gara ta mutu, ko ta daina ci gaba ɗaya, ko tana jin muryoyi, ko ta ji wa yaro ciwo, ranar za ku tafi asibiti, kuma ki kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannu zai kai.

Maman Nusaiba:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti Hajjo jiya na gwada, na ce Yaya ba ni su mu je gidan kakar su Nusaiba, da farko ta ƙi ta riƙe hannun autar gam, sai na bar mata ita na tafi da biyar. Da muka dawo la'asar na same su su biyu suna barci a tabarma, hijabin na rataye a ƙofa. Ban tashe ta ba har aka kira magariba. Nas Balki maganar gara ta mutu ta taɓa faɗa sau ɗaya da azumi na ɗauka magana ce kawai, yanzu na kwashe fiya-fiyar da ke ɗakin, gobe da safe in sha Allahu maigidana zai kai mu likita. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗa mata ba tare da ta ji kamar na ce ta haukace ba.

Hajjo Gwoza:
Ce mata za ku je a duba rashin barcin da ciwon kan, ai ba ƙarya kika yi ba. Ki shiga ɗakin likitan tare da ita, ki zauna inda za ta ganki.