Musayar Waƙa: Alli da Allo

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta 3 a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke nan Sakkwato, kuma a lokacin koyarwar gwaji na tarar da wata yarinya 'yar aji 5 wadda take haddace duk abin da aka faɗa mata, amma ba ta iya haɗa baƙi da wasali. Saboda ita na rubuta wannan.

Na ɗau alli da niyya ɗaya,
In buɗe ƙofar sani ga yara.
Ranar da ta haɗa "ba" da "ba" ta ce baba,
Ranar na san aikin da zan fara.
Littafi aboki ne na kirki,
Kowa ya riƙe shi sani ya ƙara.

Tsohon Hedimasta:
Ɗiyata, na yi shekara 35 a cikin aji kafin in ajiye aiki, saboda haka ki saurara.

Kin ga ɗiya ɗaya kin yi murna,
Jira ki ga ɗari zaune a ƙura.
Albashi ya zo miki a makare,
Wata bai raba ba, babu saura.
Na ga irinki sun zo da zafi,
Shekara biyu sun bar wa gara.

'Yar Mabera:
Baba, na durƙusa, na kuma ji gargaɗi, amma ga amsata.

Wa ya riƙe hannunka kan allo,
Har ka iya ƙirga abin da ya saura?
Shi ma bai tara dukiya ba,
Kai ne dukiyar da ya tara.
Da ya bar allonka ga gara,
Yau ba baitin da za ka tsara.

Ɗan Runjin Sambo:
Allah ya ƙara basira, malama! Baba ya taɓo kuma ya ji. Wanda yake mamakin mace mai wannan niyya a garin nan ya manta da Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru, ta riƙa naɗa wa jagororinsu, wato jajoji, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata ta hanyar waƙa. Ba a taɓa jin sun tsaya jiran ƙarshen wata ba.

Na Arkilla:
Kafin a raba nasara, a duba ma'auni. Ɗangon farko na malama gaɓa 9 ne, na uku kuwa, wato na "ba" da "ba", ya kai gaɓa 13, kuma duk wanda ya rera shi sai ya yi tuntuɓe. Wadda za ta koya wa yara rarrabe gaɓoɓi ita ce ta fi cancanta a tuna wa wannan.

Ɗan Runjin Sambo:
Ana maganar yaran da ba su iya karatu ba, kai kana ƙirga gaɓa. Ɗangon da ka tsinta shi ne zuciyar waƙar gaba ɗaya, kuma baitocin Baba ma ba su tsira daga ɗingishi ba, amma ka kau da kai.

Na Arkilla:
Ban kau da kai ba, na fara ne da wadda gyara zai amfani ɗalibanta. Rubutacciyar waƙar da muka gada daga malaman ƙasar nan a kan aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabci, aka auna ta, gaɓa mai nauyi da mara nauyi kowace da mazauninta, domin abin da ya zauna daidai a baki shi ne yaro yake riƙewa.

'Yar Mabera:
Malam Na Arkilla yana da gaskiya, kuma na gode. A karanta ɗangon haka: "Ta haɗa baƙi ta ce baba." Ina roƙo a bar jayayyar a nan.

Tsohon Hedimasta:
Ku yi haƙuri, kwana 2 ban leƙo ba. Ɗiyata, baitinki ya tuna mini da malamin da ya riƙe hannuna, Allah ya jiƙansa, har na kasa amsawa a ranar.

Ban janye batun albashi ba,
Gaskiya ce, ba na sake ta.
Amma adakata cike take da littafi,
Tun da na bar aji ban buɗe ta.
Gara ta tafi hannun 'yan aji biyar,
Da a ce gara ce ta cinye ta.

Ki turo ƙanenki ranar Asabar bayan La'asar ya ɗauki adakar. Sharaɗina shi ne, kullum kafin a tashi ki karanta musu labari da murya bayyane na minti 10, ki tsaya a daidai inda ya fi daɗi, sa'annan ki ajiye littafin inda hannunsu zai kai.

'Yar Mabera:
Na karɓi sharaɗin, Baba. Allah ya saka da alheri, zai zo da izinin Allah.