Neman gyara kan hoton marinar Ƙofar Mata

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Na ɗauki wannan hoto da waya a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, da tsakar rana, sannan na gyara shi da Snapseed, manhajar gyaran hoto. Fuskar marinin ta yi duhu, shunin kuma ya saɓa wa abin da idona ya gani. Ina neman shawararku.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar fuskar daga lokaci take, domin idan rana ta take, hula kan jefa inuwa a kan idanu, amma da hantsi ko bayan la'asar hasken yakan zo daga gefe. Shunin kuwa, ƙarfin launin da ka ƙara ya yi yawa, har ya shafe kumfar da ke saman ramin. Ka rage shi, ka ɗan haskaka wuraren inuwa.

Yar Zazzau: Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne yadda ka yanke hannayen marinin daga hoton, alhali rinannun hannayen nan su ne zuciyar hoton. Da ka durƙusa daidai bakin ramin, da sun fito gaba ɗaya.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai. Zan koma bayan la'asar, in nemi izininsa kafin in durƙusa kusa da shi.