Hoton kan Hajiya: a yi ko a bari?

Baffa (Makka): Ni ban ga amfanin ɗaukar Hajiya zuwa Jidda a cusa ta cikin na'urar nan ta MRI mai ƙara, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba. Tsufa ne kawai. Suratun Nahli, aya ta 70, ta riga ta faɗa: akwai wanda ake mayarwa ƙarshen tsufa har ya rasa sanin abin da ya sani. Hoto zai dawo mata da tunani ne?

Gwaggo: Yaya Alhaji, jiya sukari ta zuba a miyar kuka. Da magariba kuma ta tambaye ni ko Malam ya dawo daga Harami. Shekara 9 da rasuwarsa fa.

Auta (Jidda): Baffa, a yi haƙuri in sa baki, aikina ne. MRI ba magani ba ne, amma yana bambance ciwo da ciwo. In ciwon mantuwa na Alzheimer ne, yawanci wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, inda sabon abu ke fara zama a tunani, shi ke fara tsukewa. In hawan jini da suga suka ci ƙananan jijiyoyi, sai ka ga fararen tabo birjik a hoton, kuma Hajiya duka biyun tana da su. Wani kuwa ruwa ne ya taru masa a kai, ko jini ya kwanta bayan faɗuwa. Waɗannan ana yi musu aiki.

Babban Yaya (Riyad): Auta, kar ki zuzuta hoton nan. Akwai tsofaffin da wani nau'in hoton, PET, ke nuna amiloyid, sinadarin da ake gani a ciwon Alzheimer, ya taru musu, amma tunaninsu garau. Shi kansa Alois Alzheimer, likitan Jamus ɗin, a 1906 sai da matar da yake kula da ciwonta ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga abin.

Auta: Shi ya sa likita ke haɗawa da tambayoyi da gwajin jini, na bitamin B12 da na maƙoƙo.

Baffa: To wa zai kwantar da ita rabin awa ba motsi? Matar da ko awon jini sai an yi da gaske.

Gwaggo: Ban gaya muku ba ne don kar hankalinku ya tashi. Ta zame a banɗaki kafin azumi, kanta ya bugi bango.

Auta: Haba Gwaggo! To a fara da hoton CT, 'yan mintoci ne. Gobe bayan asuba ina hanya.

Baffa: Ku je, Allah Ya sa a dace. Amma in ta tambayi Malam a mota, ku ce mata yana Harami.