Yadda za a bayyana wa ɗalibai ɓallewar Amurka daga Ingila

Bayan la'asar muka zauna, mu malaman tarihi huɗu, kan tambayar da ɗalibai ke yawan yi: me ya sa mazauna yankuna 13 na Amurka suka shelanta 'yancin kai a ranar 4 ga Yuli, 1776?

Dattijon cikinmu ya ce mu daina tsayawa kan kuɗin haraji kaɗai. Abin da ya fi ci musu rai game da harajin tambari na 1765, wato harajin da aka ɗora kan takardu da jaridu, shi ne majalisar Landan ce ta ɗora shi, alhali ba su da wakili ko guda a cikinta. Ya ce a kwatanta wa yara daren Disamban 1773, yadda aka farfasa akwatunan shayi 342 aka zubar a ruwan Boston, Ingila kuma ta rufe tashar jiragen garin.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce a tambayi ɗalibi: an fara harbe-harbe tun Afrilun 1775, to me ya kawo jinkirin sama da shekara? Da yawa daga mazauna yankunan har lokacin suna ganin girman Sarkin Ingila, Joji na Uku. Sun aika masa takardar neman sulhu, ya ƙi ko dubawa, ya kuma ɗauko sojojin haya daga Jamus. Sannan Faransa ba za ta fito fili ta mara wa 'yan tawaye baya ba sai sun zama ƙasa. Ƙawancen Faransa da Amurka ya ƙullu a 1778.

Malama ɗaya ta dage kada a ɓoye wa yara cewa Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar shelar 'yancin kan cewa an halicci mutane daidai, yana da bayi. Na goyi bayanta.