Wai da Hausa kaɗai baƙo zai zauna Njamena?

Baba Mai Goro: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena ya sauka makon jiya daga Maiduguri, tun bai huce gajiya ba yana cigiyar inda zai koyi Faransanci. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Bahaushe ba ya baƙunta a Njamena, babban birnin Chadi. Ta nan kakanninmu suke bi zuwa Makka a ƙasa, su wuce Abeshe su faɗa Sudan, wanda guzuri ya ƙare wa ya kafa bukka, tun garin ana ce masa Fort-Lamy kafin a sauya suna a 1973. Shekarata 31 a nan, da Hausa na yi arziki.

Ɗan Gamboru: Wa alaikumus salam. Allah ya ja da ran Baba, amma zan ɗan ja. Ranar da na fara tsallako gadar Ngeli daga Kusri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi, na tsaya wurin mai shayi, na tambayi kuɗi ya ce "ishirin". Na yi murna, na ce ashe ma Hausa ce. Na miƙa masa sefa 25 ina jiran canji. Ya juya kwabon a tafin hannu, ya dube ni, ya dubi mutanen benci, wurin ya ɗau dariya. Ashe a Larabcin nan da riyal ake ƙirga kuɗi, riyal ɗaya sefa 5 ne. Ishirin ɗinsa sefa 100 ce, in ya ce "miya" kuwa 500 yake nufi. Kunyar ranar har yau ina jin ta.

Baba Mai Goro: To ai lissafi ne wannan, ba yare ba. Kwana biyu ka iya.

Maman Khalifa: Baba, a gafarce ni, ku maza kuna da rumfa da masallaci, inda duk kuka juya akwai ɗan gida. Mu da aka kawo aure fa? Wata huɗu na yi maƙwabciyata tana gaishe ni ta katanga, abin da nake iya mayarwa "afe" kawai, wato lafiya. Ranar da zazzaɓi ya kama yarona na kai shi asibiti, likita na tambaya da Faransanci, mai jinya na juya mini da Larabci, ni kuwa ina nuna ciki da goshi kamar bebiya. Sai wata tsohuwa 'yar Barno a kan layi ta tsaya mini. Da ba ta zo ranar ba fa?

Malam na Kusri: Maman Khalifa ta taɓo wurin. Harsunan hukuma a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabci. Kuma ƙasar ba ta cikin ECOWAS, tana CEMAC ne, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Kamaru, don haka ɗan Najeriya da ya zo zama sai ya nemi takardar zama. Jandarma a kan hanya ba zai tambaye ka ina kwana ba, takarda zai ce, kuma abin da ke rubuce a jikinta ba Hausa ba ne.

Ɗan Gamboru: Baba, tambaya ɗaya don Allah. Jikokinka da wane yare suke faɗa a tsakar gida?

Baba Mai Goro: Kai yaron nan ka cika tone-tone. Da Larabci suke yi, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Na ce wa ƙaramin ya ɗauko mini buta, sai da ya waiwayi uwarsa ta fassara masa. Shi ya sa nake cewa a riƙe Hausa. Larabci ko ba ka neme shi ba zai biyo ka har ɗaka.

Malam na Kusri: To ashe magana ta sauya, Baba. Ɗazu cewa kake ba a buƙatarsa, yanzu tsoronsa kake ji. Ni ma ina tare da kai a kan jikoki, nawa Hausarsu duk ta karkace. Amma wannan ciwon wanda ya daɗe ne, yaron da ya sauka makon jiya nasa ciwon daban.

Hajiya Mai Turare: Ku tsaya, ni ban yarda duk laifin yare ba ne. Na iya Larabci tun a Dikwa, amma ranar da na shiga gidan biki ba lafaya, kallon da aka yi mini ya ishe ni. Na kuma kai wa maƙwabta tuwo da miyar kuka, suka aiko mini kisra da miyar kuɓewa busasshiya, daga nan zumunci ya ƙullu. Kwano ya yi mini abin da baki bai yi ba.

Maman Khalifa: Kin dai iya gaishe su kafin ki miƙa kwanon, Hajiya.

Baba Mai Goro: Naku wasa ne. Ni dai ban janye ba. Malam, wancan ajin dare da ka taɓa faɗa, nawa ne a wata? Ba don ni ba, yaron ne ya dame ni. Ka faɗa mini da sefa, ban da riyal.