Na koma feda mai kama takalmi, tsayawa ta zame min aiki: in ci gaba ko in cire?

Mai_Hawan_Asabar:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu keke, don Allah shawara nake nema. Ni ba ɗan tsere ba ne, ƙarshen mako kawai nake hawa don motsa jini, wani lokaci ni kaɗai wani lokaci da abokai. To abokan nan dukkansu feda mai kama takalmi suke takawa, irin wadda ake ɗaura ɗan ƙarfe a ƙasan takalmin ka danna ya ce ƙas ya maƙale, kullum sai sun dame ni wai ƙarfina zubewa yake a banza da fedar da keken ya zo da ita, har dai na biye musu na ɗaura Shimano SPD, mai sukuru biyu a ƙasan takalmi.

In ana cikin tafiya gaskiya ba ni da ƙorafi, ƙafa ba ta zamewa, in na miƙe tsaye a kan tudu ji nake ni da keken abu ɗaya ne. A tsayawa matsalar take. Na zo danja na kama birki keke ya tsaya cak, na ja ƙafa sama yadda na saba, takalmi ya ce bai san zancen ba, na sake ja, shiru, kawai sai ga ni ina tafiya gefe a hankali a hankali har ƙasa, keken na manne da ni, masu mota suna leƙowa ta taga. Ban ji ciwo ba sai ɗan ƙurjewa a gwiwar hannu, amma tun daga nan da na hango mahaɗa gabana ke faɗuwa.

Na biyu kuma gwiwata ta dama, ta gefen waje, takan ɗan yi min zafi in tafiyar ta yi nisa, abin da da ba ta yi. Shin haka kowa ke farawa ko kuwa akwai abin da ba a saita daidai ba? Kuma tsakani da Allah, ga wanda yawo kawai yake yi irina, abin ya cancanci wannan wahalar?

Bakaniken_Keke:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da faɗuwa, da wuya ka samu mai taka irin fedar nan da bai taɓa yin wannan kwanciyar ba.

Fara da fedar kanta. A bayan kowace SPD akwai wani ɗan sukuru da ke ɗaure sifirin, za ka ga alamar + da − a jikinsa, alanki (maɓallin sukuru mai kusurwa shida) mai milimita 3 ke shiga. Juya shi wajen − kana jin yana ƙas ƙas har ya kai ƙarshe, amma in ya tsaya kar ka tilasta masa. Kuma ka lura, in fedarka mai fuska biyu ce to kowace fuska da nata sukurun, wato huɗu ke nan gaba ɗaya, da yawa sukan sassauta biyu su manta da biyu, sai yau ƙafa ta fita salin-alin gobe ta ƙi, ya danganta da fuskar da aka taka.

Sai ka kifa takalmin ka karanta abin da aka rubuta a jikin ƙarfen, kilit ɗin nake nufi. In SH51 ne, baƙi, shi ke zuwa da yawancin fedojin, hanya ɗaya kawai yake saki: ka murɗa dunduniya waje. Ja sama ba ya yi masa komai, don hana hakan ma aka ƙera shi. Akwai ɗan uwansa SH56, launin azurfa, da harafin M a jiki, shi ko ka murɗa waje ko ka ja dunduniya sama a karkace zai sake ka, ga sabon shiga shi nake ba da shawara, feda ɗaya ce ba sai ka canja ta ba.

Abu na ƙarshe wanda ya fi duk sauran haɗari, sukurun kilit ɗin guda biyu su ɗauru tamau, alanki mai milimita 4, ka ɗan shafa musu giris kafin ka ɗaure don kar tsatsa ta kama su. In ɗaya ya kwance ko ya faɗi a hanya, za ka murɗa ƙafa takalmi ya juya shi kuwa ƙarfen yana nan zaune cikin feda, sai dai ka zare ƙafar daga takalmin. Bayan hawan farko-farko a sake dubawa, sukan saki kaɗan.

Yar_Gangare:

Sannu ƙanena. Duk abin da bakanike ya faɗa haka ne, amma ko ka sassauta sifirin ɗin har ƙarshe in ƙafar ba ta koyi sabon motsin ba za ta sake yi maka, domin in tsoro ya zo ƙafa abin da ta saba take komawa. Saboda haka maimaici kawai. Jingina da bango ko ka tsaya a bakin ƙofa ka dafa, ka yi ta sawa kana cirewa, dama da hagu, ba tare da ka kalli ƙasa ba, har ya gundure ka. Daga nan ka nemi fili mai ciyawa ka riƙa tafiya kana tsayawa.

Ka zaɓi ƙafa ɗaya wadda ita ce kullum za ta fara sauka, kar ka riƙa shawara a bakin danja. Kuma tun daga nesa ake cirewa, keke na tafiya, ka murɗa ka fitar ka ɗora tsakiyar takalmin a kan fedar ba tare da ya maƙale ba, sannan ka kama birki. Ni in na hango yaro a gefen titi ko mota tana ƙoƙarin fitowa ma cirewa nake, in babu komai sai in mayar, me aka rasa? Ya fi sauƙin fita in fedar tana ƙasa ƙafa a miƙe, a sama gwiwa a lanƙwashe murɗawar ba ta da ƙarfi.

Faɗuwar da ta fi ban haushi ita ce ka cire hagu lafiya lau amma keken ya karkata dama. Maganinta ka zame gaba daga sirdi ka kwantar da nauyinka wajen ƙafar da ka cire, ka ɗan juya kan keken ɗaya gefen, da kansa zai kwanto maka.

Tashi kuma ba dole ƙafa ta biyu ta shiga nan take ba, tura da wadda ke ciki, taka da ɗayar haka nan har keke ya samu gudu sannan ka neme ta. A kan tudu ne wannan ke kayar da mutane, shi ya sa ka rage giya tun kafin ka tsaya.

Af, ta wane gefe ka faɗi? In dama ne duba ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya, da gangan ake yin shi mai laushi don ya lanƙwashe a madadin firam, in ya shiga ciki zai iya tura giyar cikin sifok ranar da ka sa giya mafi sauƙi.

Takalmin_Gida:

Ni dai bari in zo da nawa daban, a yi haƙuri. Yallaɓai abokanka sun cika baki. Zancen wai da wannan feda kana turawa da ƙafa ɗaya kana ja da ɗaya don haka ƙarfi ya ninka, ba haka abin yake ba, an auna ƙafafun mahaya har da ƙwararru a tafiya ta daidai-wa-daida, kusan duk ƙarfin daga dannawa ƙasa yake fitowa, ƙafar da ke tasowa ba wani ja take yi ba, iyakarta ta rage nauyinta a kan feda. Inda ake ganin amfaninta shi ne in za a fizga da gudu, ko a miƙe a kan tudu mai tsauri, ko hanya mai gargada inda ƙafa ke tsalle, sai kuma tafin takalmin da yake da tauri ba ya lanƙwashewa. To kai da ka ce yawo kake, sau nawa kake fizga? Feda mai faɗi mai 'yan haƙora da takalmi mai tafin roba sun ishe ka, ka sauka inda ka ga dama ka yi tafiyarka kamar kowa. Ban ce ka cire ba tunda ka riga ka saya, amma in ka ƙara gwadawa ka ga har yanzu fargaba ta fi daɗin yawa, cire abarka, ba wanda zai ba ka kofi don ka jure. Akwai ma mai fuska biyu daban-daban, gefe ɗaya na kamawa ɗaya fili, ga masu shiga cunkoso.

Tsohon_Mahayi:

Yaro ku gode wa Allah. Mu da muka fara da kejin yatsu da ɗamarar fata, sai ka sunkuya ka sassauta ɗamarar da hannu kafin ƙafa ta fito, ka ga kuwa tsayawar gaggawa ba ta taso ba. Kamfanin Look na Faransa, masu yin abin da ke riƙe takalmin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, su suka ɗauko wannan dabarar suka sa a feda a 1984, ɗan tsere Bernard Hinault ya ci babbar gasar keke ta Tour de France da ita a 1985, daga nan kowa ya bi. SPD ɗin da ke ƙafarka a 1990 Shimano suka fito da ita saboda masu keken daji, shi ya sa ƙarfen ya shige cikin tafin takalmi har kana iya takawa a ƙasa. Ka yi dace da ka fara da ita, mai sukuru uku ta masu keken tseren titi fuska ɗaya gare ta, kuma tafiya da takalminta sai ka ce agwagwa.

Amma ni gwiwar ce ta tsaya min, ba faɗuwar ba, ga shi ba wanda ya yi maganar gwiwar. Faɗuwa za ta wuce da kanta, ciwon gwiwa kuwa in aka yi ta takawa a kansa ƙaruwa yake. A fedar da ka baro ƙafarka ce ke zaɓar inda za ta zauna, yanzu kai ka zaɓar mata, in ka zaɓa ba daidai ba gwiwa ce ke biya, sau dubbai a hawa ɗaya. Zauna a kan tebur ka saki ƙafafu suna lilo, ka kalli inda yatsun suka fuskanta, wani nasa waje suke kallo wani ciki, kuma ba lallai dama da hagu su zo ɗaya ba. Haka ya kamata su zauna a kan feda. In ka maƙala, ka motsa dunduniya, ya kamata ka ji akwai ɗan wasa ta ciki da ta waje kafin sifirin ya fara turjewa. In ka ji ƙafar a jingine take da iyaka ɗaya, kwance kilit ɗin ka juya shi kaɗan. Ciwon gefen waje sau da yawa daga yatsu ne da aka tilasta su kallon ciki, ko ƙafafu sun matsu kusa da firam, ko sirdi ya yi sama.

Gaba da baya kuma, ƙarfen ya zauna daidai tudun da ke ƙasan babban yatsa ko bayansa kaɗan, gara baya da gaba. Sirdin ma a sake duba shi, kaurin sabuwar feda da takalmi ba ɗaya ba ne da na da. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, milimita biyu uku, kuma ka zagaye kilit ɗin da alƙalamin maka kafin ka taɓa don ka san inda ka baro. In an yi duk wannan zafin bai tafi ba, ko ka ga kumburi, ajiye keken ka ga likita.

Mai_Hawan_Asabar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, SH51 ne, kuma sifirin ɗin a tsakiya suke duka huɗun, na mayar da su ƙarshen −, yanzu da ɗan murɗawa kaɗan take fita. Yaya Yar_Gangare, ta hagu na faɗi, giya lafiya lau. Baba na yi gwajin teburin, ƙafar dama waje take kallo sosai, shi kuwa kilit ɗin a miƙe sak aka ɗaura shi. Tambayata, in ina son yatsun su kalli waje, ina zan juya hancin ƙarfen?

Bakaniken_Keke:

Wajen babban yatsa za ka karkata hancinsa, kaɗan dai, shi ƙarfen a miƙe yake zama cikin feda, takalmin ne zai juya waje. Sai ka hau ka juya feda baya a hankali ka tabbatar dunduniya ba ta gogar hannun feda ko firam. In tana goga, tura kilit ɗin gaba ɗayansa zuwa gefen takalmin da ke kusa da firam, ƙafar za ta ɗan matsa waje ta samu wuri.