Neman kalma: me za mu kira "tragic hero" da Hausa? Jibi ake ɗaukar shiri

Maman Walida:
Assalamu alaikum malamaina. Agaji nake nema, kuma lokaci ya ƙure. Jibi Alhamis da ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki kashi na 3 na shirinmu na rediyo kan mazan jiya a tsohon adabin duniya. A kashi na 1 mun yi Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, a na 2 mun yi Antara ɗan Shaddadu, duk ba mu sha wuyar kalma ba. Wannan karon adabin Girkawa ne: Hekta da Akilis na cikin Iliyad, waƙar Homa, sai Idifus na wasan Sofokilis. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wanda Turawa ke kira tragic hero.

Ga siffarsa yadda Aristotil ya zana ta a babi na 13 na littafinsa kan waƙa. Mutum ne mai girma da suna, ba waliyyi ba, ba kuma mugu ba, wanda ya rikito daga daula zuwa wahala, ba don mugun hali ba, sai don wani abu da ya kira hamartiya. Mai kallo ya tausaya masa, ya kuma ji tsoro, don ya san abin da ya ci wancan na iya cin sa. Na rubuta "jarumin ban tausayi". Da na karanta a wajen gwaji ɗazu, yaron da ke riƙe mana na'ura ya zare abin kunnensa ya ce, "Anti, na wane fim ɗin?" Nan jikina ya yi sanyi.

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi laifi ba, jarumi ta koma gidan fim, kuma ba ta da niyyar dawowa. A aji muna cewa tauraro, amma tauraro matsayi ne a cikin labari, ɓarawo ma kan zama tauraron littafi. Ki ɗauki gwarzo, har yanzu tana da nauyinta. Sannan ki jefar da "ban tausayi", don tana mayar da shi almajiri a bakin ƙofa. Shawarata: gwarzon ƙaddara.

Bakatsiniya:
Malam, gwarzo na yarda. Ƙaddara ce ban yarda ba. Nasara ma ai ƙaddara ce, ke nan Bayajidda shi ma gwarzon ƙaddara ne. Abu na biyu, kalmar tana wanke hannun mutumin tas, alhali hannunsa na cikin abin. Ku dubi Hekta, gwarzon birnin Taroyi da Girkawa suka kawo wa yaƙi. Daren da Akilis ya sake bayyana a bakin fama, Folidamas, ɗaya daga cikin manyan Taroyi, ya ba da shawara a koma cikin ganuwa, Hekta ya ƙi, ya sa mutanensa suka kwana a fili. Gari na wayewa aka yi musu kisan kiyashi. A kashi na 22 na Iliyad, ga shi tsaye shi kaɗai a ƙofar birni, uwa da uba suna kan ganuwa suna roƙonsa ya shigo, shi kuma yana cewa a ransa ya hallaka jama'arsa da gangancinsa, da wane ido zai kalli mazan Taroyi da matansu. Kunya ce ta tsayar da shi a wajen. In kika ce ƙaddara kawai, mai sauraro zai ce "Allah sarki" ya wuce, ba zai ga wannan kunyar ba.

Baba Na-Zaure:
Ku yara kuna ba ni mamaki. An ce a nemo kalmar Hausa, kun tafi Makka kun ɗauko ƙaddara. Duk lokacin da Bature ya tsare ku sai ku gudu bayan Balarabe. Ku yi hankali, harshen nan ba maraya ba ne. Muna da hanyarmu ta yi wa maza suna: sha-yabo, sha-kallo, gwanki sha-bara. To ga taku: sha-kaye. Gwarzo sha-kaye. Gaɓa uku, ta zauna a baki, makaɗi zai iya ɗora ta kan kalangu yau ɗin nan. Shekara 12 ke nan da na ƙirƙire ta, ina faɗa wa masu fassara, ba mai ji. Hektan da kike magana a kai, ba kaye ya sha ba? An zagaya birni da shi sau 3, an soke shi a wuya, an ɗaure shi a bayan keken doki an ja gawarsa cikin ƙura. In wannan ba sha-kaye ba ne, a faɗa mini sunansa.

Maman Walida:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi ta yi daɗi a kunne, na maimaita ta sau da yawa. Damuwata Akilis. Har waƙar ta ƙare ba wanda ya kai shi ƙasa, da ransa aka rufe labarin, da jana'izar Hekta aka ƙare. Abin da ya same shi daban ne. Ya yi fushi da Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya janye daga yaƙi, aka aiko masa da manyan mutane da dukiya a ba shi haƙuri, ya ƙi. Daga baya ya ara wa amininsa Fatarokulus kayan yaƙinsa, Hekta ya kashe shi a cikinsu. Yaya zan ce da wannan sha-kaye?

Baba Na-Zaure:
Zuciyarsa ce ta kayar da shi. Kaye kaye ne, 'yata.

Malamin Adabi:
Baba, da girmanku, akwai matsala a ginin kalmar. Wannan "sha" ɗin na yawan aukuwa ne. Sha-yabo wanda ake ta yabo ne, gwanki sha-bara don kullum maharba na auna shi. Ke nan sha-kaye zai zama wanda kowa ke kayarwa, ɗan kokawar da bayansa ya saba da ƙasa. Mu kuwa mutumin da muke nema sau ɗaya yake faɗuwa, kuma daga sama. Ga shi kuma 'yan jarida sun riga sun kai "shan kaye" filin ƙwallo da rumfar zaɓe.

Ɗan Maraɗi:
Filin ƙwallo naku na Nijeriya ke nan. Mu nan kaye maganar maza ce. Ku zo ku ga kokawar takobi, ranar ƙarshe, sa'ad da gwarzon da ba a taɓa kai gwiwarshi ƙasa ba ya tarad da ranarshi. Fili duka shiru yake yi, har mutanen wanda ya yi kayen. Ni ina bayan Baba. Kuma in faɗi gaskiya, duk sa'ad da anka zo zancen sabuwar kalma, Hausar Kano da Zariya ce ake aunawa da ita, kamar mu sauran baƙi ne. Rediyon naki har Maraɗi da Damagaram ana jin irinshi, Hajiya.

Malamin Adabi:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ambaci Kano. Ni kaina ba Bakano ba ne. Ƙa'idar "sha" ɗin nan a Maraɗi ma haka take, sai in za ka ce mini sha-yabo a wajenku wanda aka yaba sau ɗaya ne.

Ɗan Maraɗi:
Ban ce ba. Na ce dai ku riƙa tambayarmu kafin ku yanke.

Almajirin Shehu:
Allah gafarta Baba, ni maganar gudu bayan Balarabe ce ta tsaya mini. A saƙon da kuka yi mana faɗa akwai "lokaci" akwai "hankali", kuma dukansu daga Larabci suka zo, sun zauna har sun yi jikoki. Kalmar da kakata ke faɗa ba ta taɓa shiga aji ba, ta zama tamu.

Amma akwai abin da ya sa nake ganin Hajiya ta yi daidai da ta tsaya ta tambaya. Wannan littafin na Aristotil, wanda malamanmu ke kira Arisɗo, an taɓa fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza. Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wanda ya rasu a shekarar 940, shi ya juya shi daga Suriyanci. Larabawan lokacin ba su da irin wasan dandalin Girkawa, sai ya ɗauki kalmar da ke kusa da hannu: wasan baƙin ciki ya kira shi madihi, wato waƙar yabo, tushen madahu ɗin da muka sani, na ban dariya kuma ya kira shi hija'i, wato zambo. Bayan sama da shekara 200, Ibn Rushdi na Ƙurɗuba ya yi sharhin littafin a kan wannan fahimtar, yana kawo misalai daga baitocin mawaƙan Larabawa. Babban malami kamar wannan, kalma biyu suka karkatar da shi. Don haka daɗin kalma a baki bai isa ba.

Baba Na-Zaure:
Ka ga ni? Da bakinka ka faɗa, Larabcin ne ya ɓatar da su. Kuma ni ba a koya mini asalin kalma. Tun kafin a haife ka nake wannan aikin, da alƙalami da tawada, ba da waya ba. Ku da kuka yi digiri kuna ganin in ba a jami'a aka haifi kalma ba, shegiya ce.

Almajirin Shehu:
Ku gafarce ni Baba, ban yi nufin raini ba. Ni ma zaure na fito.

Maman Walida:
Don Allah malamaina, gobe Laraba ce kaɗai ta rage mini, kuma da yamma zan miƙa rubutun.

Bakatsiniya:
Yaya, bari mu bar sunan mutumin tukuna, mu koma kan hamartiya, ina ganin can bakin zaren yake. A Girkancin Homa, aikatau ɗin da kalmar ta fito daga gare shi ana faɗinsa ga mayaƙin da ya jefa mashi bai samu abin da ya auna ba. To mu me muke cewa? Maharbi ya harbi barewa ya kuskure ta. Kalmarmu ta kuskure daga bakin baka da kibiya ta fito, ta zo ta zama ta hali da shawara, daidai hanyar da tasu ta bi. Kuma ku lura, ba a cewa makaho ya kuskure, sai wanda ya iya harbi, ya auna da niyyar samu. Ganganci daban, zunubi daban, tsautsayi daban.

Ku gwada ta a kan Idifus. Ya gudu daga garin da ya tashi don kada abin da aka faɗa masa, cewa zai kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa, ya tabbata, ya haɗu da wani dattijo a mararrabar hanya uku, suka yi rigima ya kashe shi, bai san mahaifinsa ba ne. Ya warware kacici-kacicin da ya addabi birnin Tibis, aka ba shi sarauta da matar sarkin da ya mutu, bai san mahaifiyarsa ba ce. Da annoba ta sauka, shi da kansa ya rantse sai ya tono mai laifin, ana ce masa ya bari yana ƙara tonawa, har ya tono kansa. Ya cire allurai daga rigar matar ya tsiyaye idanunsa. Duk harbin da ya yi da kyakkyawar niyya ya yi shi, kuma duk ya kuskure.

Malamin Adabi:
Wannan ta zauna. Ban da abin cewa, hamartiya kuskure ce, kuma zan kai ta aji. Sai dai kada a ce "gwarzon kuskure", don kunnen da ya saba da gwarzon shekara da gwarzon gasa zai ji kamar wanda ya fi kowa iya yin kuskure.

Ɗan Maraɗi:
Kuskure mu ma haka muke faɗin ta. Wannan ba gardama.

Baba Na-Zaure:
Kuskure Hausa ce tsantsa, shi ya sa ta zauna. Abin da nake faɗa tun farko ke nan. Amma har yanzu ba ku ba mutumin suna ba, ni na ba shi.

Maman Walida:
Ga abin da na rubuta, ku duba mini. A farkon shiri zan ce "gwarzon da kuskurensa ya kayar", in yi bayanin maharbi da barewa, daga nan in ci gaba da cewa gwarzon kawai. Zan rufe da wurin da tsoho Firiyam, mahaifin Hekta, ya shiga tantin Akilis da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, yana roƙon gawar Hekta, su biyun suka zauna suna kuka, wannan yana tuna ɗansa, wancan yana tuna mahaifinsa da amininsa. Ina so mai sauraro ya kai wurin nan yana ganin girman Akilis, yana kuma sane da cewa taurin kansa ne ya jawo rabin abin da ake kuka a kai. Baba, ku yi haƙuri, sha-kaye ba za ta ɗauki Akilis da Idifus ba, amma in kun yarda zan ambace ta a kan Hekta, in ce wani dattijo ne ya ba mu ita.

Malamin Adabi:
A rediyo zai wuce, Hajiya. Amma wannan bayani ne, ba kalma ba. Ɗalibi ba zai rubuta kalma biyar duk inda Bature ya rubuta biyu ba, kuma ba ta da jam'i mai daɗi. Ni dai ranar Litinin zan shiga aji da gwarzo da kuskure, sauran kuma a ci gaba da nema.

Baba Na-Zaure:
"Kayar" ɗin da kika sa, daga ina ta fito in ba daga kaye ba? Kun zagaya kun zagaya kun dawo ƙofar gidana, kun ƙi yin sallama. Ki ambace ta a kan Hekta, na yarda, amma ki faɗe ta da kyau, ki ja "sha" ɗin. Kuma a turo mini ranar da za a sa shirin da ƙarfe nawa, rediyona sai na sayi batir.